Gidan Gajiyayyu na Andover, 1845: Inda Lissafin "Amfanin Mafi Yawa" Ya Kai Talakan Ingila

Ranar 1 ga watan Agusta 1845 wani ɗan majalisar Ingila mai suna Thomas Wakley, likita ne kuma shi ya kafa mujallar likitocin nan The Lancet, ya miƙe a zauren majalisa ya tambayi ministan cikin gida Sir James Graham ko gaskiya ne labarin da ke yawo cewa a gidan gajiyayyu na garin Andover da ke yankin Hampshire, mutanen da aka sa aikin dakan ƙasusuwa yunwa ta kai su har suna gwaguyar ƙasusuwan, suna tsotse ɓargon da ya riga ya ruɓe, wani lokaci ma har da dambe a kan wa zai samu wanda ke da ɗan sauran nama a jiki. Graham ya nuna shi bai yarda irin haka za ta faru ba, amma ya ce zai sa a bincika. Aka tura mutum ya bincika, sai ga shi gaskiya ne.

Wani zai ce to ai wannan labarin wani mugun ma'aikaci ne kawai, irinsu ko'ina akwai, a kore shi a wuce wurin. Kuma lallai akwai mugun ma'aikacin, za mu zo kansa. Amma gidan Andover ba sakaci ne ya haife shi ba, shiryayyen abu ne, masu ilimi ne suka zauna da alƙalami da takarda suka tsara cewa dole zaman irin wannan gida ya zama mai ɗaci, kuma ba wai dan sun tsani talaka ba, a nasu ganin wannan ɗacin shi ne zai fi amfanar ƙasa baki ɗaya har da su talakawan. Shi ya sa duk mai son fahimtar aƙidar falsafar nan ta yutiliteriyanizim, wato auna kyawun aiki da yawan amfanin da ya jawo wa mafi yawan mutane, ya kamata ya san wannan lamari, domin nan ne aka ɗauko ta daga littafi aka mai da ita dokar ƙasa a kan miliyoyin mutane.

Mai gayya mai aiki shi ne Jeremy Bentham, an haife shi a Landan 1748 ya mutu 1832. Ya karanta lauya amma bai yi aikin ba, sai ya ƙare rayuwarsa yana caccakar dokokin Ingila yana cewa tarkace ne da aka gada kaka da kakanni ba wanda ya taɓa tambayar amfaninsu. Tun a 1789 ya bayyana matsayinsa: abu biyu ne ke juya ɗan Adam, jin daɗi da jin zafi, dan haka aiki ko doka suna da kyau ne gwargwadon yadda suka ƙara daɗi suka rage wahala ga waɗanda abin ya shafa, shikenan, ba wani ma'auni bayan wannan. Har hanyar awo ya kawo, abubuwa bakwai: tsananin daɗin ko wahalar, tsawon lokacinsa, tabbacin zai faru, kusancinsa, ko zai haifo wani daɗin a gaba, ko ya zo gauraye da wahala, sai kuma yawan mutanen da zai taɓa. Ka tara na wannan ɓangare ka tara na wancan, inda ya rinjaya nan ne daidai.

A yi masa adalci, a zamaninsa wannan magana ta fi kama da ta ɗan gwagwarmaya fiye da ta azzalumi. Domin idan daɗin kowa ɗaya ne a kan sikeli, to na ɗan sarki bai fi na ɗan dako ba. Da wannan hujjar ya soki azabtar da fursunoni ba gaira ba dalili, ya ce wahalar dabbobi ma abin lissafawa ce tunda suna jin zafi, daga baya kuma ya goyi bayan a bai wa jama'a ƙuri'a a kuma riƙa zaɓe a asirce. Sai dai abu ɗaya da bai taɓa yarda da shi ba shi ne wai mutum yana da wasu haƙƙoƙi na asali da ba a taɓawa ko da me, wannan ya kira shi shirme, lokacin da 'yan juyin juya halin Faransa suka yi shelar nasu haƙƙoƙin ya yi musu kaca-kaca. A wurinsa haƙƙi doka ce ke ba da shi, doka kuwa amfani ne ke halatta ta. Riƙe wannan, zai yi aiki a gaba.

Yanzu matsalar da ake son warwarewa. Tun 1601 zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, dokar Ingila ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin talakawanta, gundumomi wajen 15,000, ana karɓar haraji daga masu gidaje da gonaki ana tallafa wa tsofaffi da marasa lafiya da marayu da waɗanda suka rasa aiki, yawanci suna zaune a gidajensu ake ba su. A 1795 da tsadar abinci ta yi tsanani sai majistarorin yankin Berkshire suka zauna a Speenhamland suka fito da wani tsari, idan ladan lebura bai kai ya ciyar da gidansa ba gunduma za ta cika masa, gwargwadon farashin burodi da yawan 'ya'yansa. Wasu wurare da dama a kudancin ƙasar suka kwaikwaya. Zuwa farkon shekarun 1830 kuɗin tallafin ya kai wajen fam miliyan 7 a shekara, masu biyan haraji suna ta ƙorafi, wai tsarin yana koya wa mutane zaman kashe wando, yana sa manyan manoma su karya lada tunda sun san gunduma za ta cike, yana sa talaka ya yi ta haihuwa. Masanin tattalin arziki Thomas Malthus da mabiyansa ma cewa suke a soke tallafin gaba ɗaya. Ana cikin haka a 1830 leburorin gona na kudu suka yi bore, suna farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin amfanin gona wuta, gwamnati ta rataye mutum 19 ta kora kusan 500 zuwa Ostireliya. Abin da ya ɗaga wa masu mulki hankali shi ne boren ya fi zafi a yankunan da aka fi kashe kuɗin tallafi, sai suka ce to ashe ma ba ya sayo zaman lafiya.

A 1832 aka kafa kwamitin bincike, rahotonsa ya fito 1834, kuma mutum biyu ne suka rubuta mafi yawansa: Nassau Senior masanin tattalin arziki daga Oxford, da wani matashin lauya ɗan asalin yankin Manchester mai suna Edwin Chadwick. Shi Chadwick ɗin nan sakataren Bentham ne a ƙarshen rayuwarsa, a gidansa ma ya zauna. Kuma ba shi ya fara wannan tunanin ba, domin tun wajen 1797 maigidan nasa ya tsara wani kamfani mai hannun jari da zai gina gidajen aiki 250, kowanne ya ɗauki mutum 2,000, kamfanin yana da ikon kama mabarata a titi ya tsare su su yi aiki har su biya kuɗin ci da kwanansu. Hujjarsa? Ganin mabaraci yana rage wa masu wucewa jin daɗi, mai tausayi ya ji zafi marar tausayi ya ji ƙyama, idan ka tara wannan ya fi wahalar da mabaracin zai sha a tsare. Ba a aiwatar da wannan ba, amma ƙamshinsa yana nan cikin rahoton 1834.

Ga yadda lissafin ya tafi, kuma gaskiya idan ka bi shi daki-daki yana da jan hankali. Ba za a bar kowa ya mutu da yunwa ba, a nan sun saɓa wa Malthus, domin mutuwa da tsoron mutuwa wahala ce babba kuma tana haifar da sata da bore. Amma idan mai karɓar tallafi ya fi mai aiki jin daɗi, ko ma suka yi kunnen doki, to wa zai yi aiki? Tunda an riga an ce mutum daɗi yake bi yana gudun wahala, kowa zai ajiye fartanya ya bi layi. Dan haka ƙa'ida: dole halin wanda gunduma ke ciyarwa ya zama ƙasa da halin lebura mafi ƙarancin lada da ke cin guminsa. To ta yaya za ka bambance mai buƙata ta gaskiya da malalaci ba tare da ka ɗauki dubban masu bincike ba? Sai ka ce ba tallafi ga mai ƙarfi a jika sai a cikin gidan aiki, wato gidan gajiyayyu irin na Andover, ka kuma sa gidan ya zama abin gudu. Wanda ya yarda ya shiga, shigarsa ita ce shaidar ba shi da wata mafita. Wanda ya ƙi, ashe dama yana da yadda zai yi. Gidan da kansa shi ne jarrabawar. Haraji ya sauka, lada ya tashi tunda manomi ba shi da mai cika masa, malalaci ya koma aiki, mafi yawa sun amfana, 'yan kaɗan ne za su ɗanɗana.

Majalisa ta amince da rinjaye mai yawa, dokar ta fara aiki a watan Agusta 1834. Aka haɗe gundumomi zuwa ƙungiyoyi wajen 600, kowace da kwamitin amintattu da masu biyan haraji ke zaɓa, mai dukiya da yawa yana da ƙuri'a fiye da ɗaya. A sama kuma kwamishinoni uku a Somerset House cikin Landan, Chadwick yana sakatarensu, abin da ya ƙona masa rai domin ya sa ran kujerar kwamishina. Mutane suka laƙaba wa sababbin gidajen suna Bastil, sunan kurkukun nan na Faris.

Da yake ba a son a ce an hana mutane abinci kai tsaye, sai aka nemi ɗacin ta wasu hanyoyi. Kana shiga za a karɓe tufafinka a ba ka yunifom. A raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta, kowa da sashensa da katanga a tsakani, tsoho da tsohuwar da suka shekara arba'in tare su ma haka. Ƙararrawa ke tashe ka ita ke kwantar da kai. Abinci an auna shi da awo, burodi, kunu tsararo, ɗan cuku, nama jefi-jefi. Aiki kuwa an zaɓo mai gajiyarwa da gangan, fasa dutse, warware tsoffin igiyoyin jirgin ruwa da yatsu, ko dakan ƙasusuwan dabbobi a mai da su gari a sayar wa manoma su yi taki. Matar da ta haihu ba aure kuma dokar ta ɗora mata kusan dukkan nauyin ɗan, wai dan ya zama darasi ga wasu.

Kuma da farko alƙaluma sun yi wa masu tsarin daɗi. Kuɗin tallafi ya sauko daga sama da fam miliyan 6 a 1834 zuwa wajen miliyan 4 a 1837. Sai dai shekarun nan an yi damina mai kyau, burodi ya yi araha, ga aikin shimfiɗa layin dogo yana ɗibar leburori, dan haka ba duka nasarar ce ta dokar ba. Da aka zo kai tsarin arewacin Ingila a 1837, daidai lokacin da masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, sai aka ga tsiyar lissafin, domin a gari irin Huddersfield ko Bradford idan kasuwa ta faɗi mutum dubbai ne ke rasa aiki a mako guda, ba lalaci ba ne, kuma ba gidan da zai ɗauke su. Aka yi tarzoma, mutane irin su Richard Oastler da John Fielden suka ja gaba, garin Todmorden ma ya ƙi gina gidan sai a shekarun 1870. Wannan fushin yana cikin abin da ya hura wutar gwagwarmayar neman ƙuri'a ga kowane namiji da ta kankama a 1838.

Andover kuwa ta kudu ce, kuma amintattunta ƙarƙashin wani limamin coci Christopher Dodson sun ɗauki dokar da zafinta, har ana yaba musu a matsayin abin koyi. Wanda suka ba riƙon gidan shi ne Colin McDougal, tsohon samanja ne da ya yi yaƙin Waterloo a 1815, matarsa ce ke kula da ɓangaren mata. Shaidun da aka saurara daga baya sun ce mashayi ne, yana dukan yara, yana neman matan da ke ƙarƙashinsa da ƙarfin tsiya, ana kuma zarginsa da rage abincin da aka ƙayyade. Aikin mazan gidan dakan ƙasusuwa ne da wata taɓaryar ƙarfe mai nauyi, ga wari, ga ɓarɓashi yana tsalle yana yankar fuska. Idan aka kawo sabon kaya sai su yi ta tono suna neman mai ɓargo ko guringuntsi, wani ya ɓoye nasa dan kada a ƙwace. An ba da labarin yara suna cin ɗanyen dankalin da aka zuba wa aladu, wasu manya kuma suna aikata laifi da gangan dan a kai su gidan yari, can abinci ya fi.

Ɗaya daga cikin amintattun, wani manomi Hugh Mundy, shi ya ga abin da idonsa, ya kai wa 'yan uwansa suka share shi, sai maganar ta fita waje har ta kai ga Wakley. Jaridar The Times, wadda mai ita John Walter dama ya daɗe yana adawa da dokar, ta riƙe labarin ba sassauci. Kwamishinoni suka tura mataimakinsu Henry Parker ya yi bincike, McDougal ya ajiye aiki a watan Satumba, sannan abin dariya abin takaici sai kwamishinonin suka juya kan Parker suka raba shi da aikinsa, kamar shi ya daka ƙashin. Kafin shekarar ta ƙare aka hana dakan ƙasusuwa a irin waɗannan gidaje. A 1846 majalisa ta kafa nata kwamitin, nan Chadwick ya samu damar huce haushinsa ya ba da shaida a kan iyayen gidansa, rahoton ya soki amintattun Andover ya soki kwamishinonin, a 1847 aka rushe hukumar aka kafa wata da shugabanta zai iya zama a majalisa ya amsa tambayoyi. A shekarar ne kuma aka yarda ma'auratan da suka haura shekara 60 za su iya zama ɗaki ɗaya.

To laifin wa? Mabiyin Bentham yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce aƙidarmu ba ta ce a sa mutum ya ci ruɓa ba, yunwar Andover wahala ce tsagwaronta da ba ta ƙara wa kowa komai, dan haka a ma'aunin namu ma kuskure ce. Zai ƙara da cewa rahoton 1834 ya so a yi gine-gine daban-daban, na tsofaffi daban, na yara daban inda za a koyar da su, tsananin na masu ƙarfi ne kawai, amintattu ne suka ga gini ɗaya ya fi araha suka cusa kowa ciki. Duk gaskiya ne.

Amma ni ina ganin amsar ba ta kai ba. Dubi ƙa'idar da kanta, halin na ciki ya zama ƙasa da na leburan da ya fi kowa talauci a waje. To yaya leburan yake? A Dorset maƙwabciyar Hampshire, a ƙauyen Tolpuddle, an karya ladan leburan gona zuwa sule 7 a mako ana shirin mai da shi 6, da mutum shida suka kafa ƙungiya dan su ƙi, a wannan shekarar ta 1834 aka yanke musu shekara bakwai a Ostireliya. Mutumin da ke waje yana aiki daga asuba zuwa magariba da yunwa yake kwana. Idan ka ce a sauka ƙasa da shi, ina za a tsaya? Ƙa'idar ta faɗi rufi ba ta faɗi daɓe ba. Kwamishinoni sun san da wannan, shi ya sa suka yi ƙoƙarin sa ɗacin ya zama na wulaƙanci da raba iyali maimakon na ciki, amma duk mai riƙon gida da duk kwamitin amintattu sun fahimci saƙon sarai: za a yaba maka idan kuɗi ya ragu kuma mutane suka guji gidan, ba wanda zai yaba maka dan mazauna sun ƙoshi. McDougal ya wuce gona da iri, amma ta inda aka nuna masa ya bi.

Sai abin da ya fi damuna, wanda yake na falsafa ne tsantsa. Wahalar tsohuwar da aka raba da mijinta a wannan tsari ba kuskure ba ce da aka yi a hanya, ita ce injin da ke tafiyar da abin. Ana so ta wahala ne dan wani saurayi mai ƙarfi da ke can waje ya ji labari ya ji tsoro. Ba ta yi laifin komai ba, tsufa kawai ta yi, amma an mai da ita allon gargaɗi. A lissafin tarawa wannan ba matsala ba ne muddin jimla ta fito da riba. Nan ne masu sukar aƙidar suke tsayawa, daga masu bin masanin falsafar nan na Jamus Immanuel Kant da ke cewa ba a mai da mutum kayan aiki zalla dan biyan buƙatar wani, har zuwa masanin falsafa John Rawls na Amurka da ya ce a 1971 wannan aƙida ba ta ɗauki bambancin mutum da mutum da muhimmanci ba. Ni zan iya haƙura da wahalar yau dan daɗin gobe tunda ni ne zan sha duka biyun. Amma idan ni zan sha wahalar kai ka sha daɗin, tara su wuri ɗaya a ce "al'umma ta ci riba" wasa da hankali ne, domin babu wata halitta mai suna al'umma da ta ji duka biyun a jikinta.

Mu da muka tashi muna jin malamai suna maganar maslaha, musamman a Malikiyya, wannan tunanin auna amfani da cutarwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Bambancin shi ne malaman usulu sun kewaye ta da shinge, Imam Gazali ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa, addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kuma maslahar da ta yi karo da nassi ba a karɓarta. Bentham da saninsa ya cire duk wani shinge irin wannan. Masanin falsafa John Stuart Mill, wanda ya tashi a hannun abokin Bentham wato mahaifinsa James Mill, ya yi ƙoƙarin gyara, ya ce daɗi hawa-hawa ne, ya kuma bai wa adalci da 'yancin mutum matsayi mai ƙarfi dan a dogon zango su ne suka fi amfani. Amma shi ma ya goyi bayan ginshiƙin dokar 1834.

Akwai kuma tambayar wa ya yi awon. Gyaran zaɓe na 1832 ya bai wa masu matsakaicin hali ƙuri'a, amma duk da haka wajen namiji ɗaya cikin biyar ne ke zaɓe a Ingila, mata babu, lebura babu. Majalisar da ta yi dokar ta masu biyan harajin ce, amintattun da ke aiwatarwa masu biyan harajin ne suka zaɓe su, kamar a kasuwar hatsi ne a ce mai saye shi ke riƙe da mudu. Ragin haraji ana ganinsa a takarda fam da sule, kukan yaron da aka raba da uwarsa kuwa ba shi da shafi a littafin akanta. Har binciken da aka gina dokar a kai ma da sauran magana, domin kusan kashi ɗaya cikin goma na gundumomin ne suka amsa tambayoyin kwamitin, kuma a 1963 da 1964 masanin tattalin arziki Mark Blaug ya sake duba bayanan ya nuna cewa tsarin cika lada irin na Speenhamland ya riga ya ja baya sosai kafin 1834, kuma ya fi zama alamar ƙarancin lada da rashin aiki fiye da sanadinsu. Mafi yawan masu karɓar tallafi dama tsofaffi ne da marasa lafiya da zawarawa da yara. An gina kurkuku dan malalacin da ba shi da yawa, waɗanda suka cika shi wasu ne daban. Abin lura, Bentham da kansa ya yi gargaɗi kan masu mulki da ke sa wa son zuciyarsu rigar amfanin jama'a, shi ya sa ya koma neman ƙuri'a ga kowa, ya kuma san cewa fam ɗaya a hannun matalauci ya fi fam ɗaya a hannun attajiri jawo daɗi. Almajiransa sun ɗauki rabin karatun da majalisar masu dukiya za ta iya haɗiyewa suka bar rabin. Duk sanda ka ji wata gwamnati, ko ta ina ce, tana cewa a daure a sha wuya yau dan gobe ta yi kyau, ko a kwashe mabarata daga titi dan amfanin gari, wannan lissafin ne, ba lallai ƙarya ba ne, amma da wuya ka ga mai faɗin a layin masu daurewar.

Wani ƙarin abin da ya sa talakan Ingila ya tsani gidan shi ne dokar 1832 kan fiɗar gawa, wadda wani na kusa da su Bentham, Henry Warburton, ya kai majalisa. Ta halatta a bai wa makarantun likitanci gawar wanda ya mutu a irin waɗannan gidaje idan ba wanda ya zo ɗauka. A da gawar masu kisan kai da aka rataye ce ake yi wa haka. Amfanin a fili yake, likitoci sun samu abin koyo, satar gawa daga maƙabarta ta mutu. Shi dai Bentham bai yi munafunci a nan ba, ya yi wasiyya a feɗe tasa gawar a gaban abokansa, aka kuma yi, ƙwarangwal ɗinsa yana nan sanye da tufafinsa a University College London har yau. Sai dai shi zaɓa ya yi.

Duk da wannan ban ga dalilin jefar da aƙidar gaba ɗaya ba, kuma Chadwick ɗin ne dai hujjata. Yana zaune yana duba takardun tallafi sai ya lura cewa kaso mai yawa na masu faɗawa hannun gunduma zazzaɓi ne ya kashe mai ciyar da su, ya bar mata da marayu. Sai ya bi sawun abin, a 1842 ya fitar da rahoto kan ƙazantar unguwannin ma'aikata, da alƙaluma ya nuna yadda rashin magudanar ruwa da ruwan sha mai tsabta ke kashe talaka da wuri, ya ce gina kwata da jawo famfo ya fi araha a kan ciyar da marayu. Daga nan dokar lafiyar jama'a ta 1848 ta fito. Kai ɗaya, lissafi ɗaya, taurin kai ɗaya, amma wannan karon nauyin ya faɗa kan masu gidajen haya da kamfanonin ruwa da masu biyan haraji, mutanen da ke da ƙuri'a da jarida da ɗan majalisa. Su ba su daure ba. A 1854 suka yi masa taron dangi aka fitar da shi daga hukumar lafiya, The Times tana murna tana cewa gara a yi kasada da kwalara da a tilasta wa mutum lafiya. Bai sake riƙe babban muƙamin gwamnati ba, sai a 1889 aka ba shi lambar Sir, ya mutu 1890.

Gidajen gajiyayyun kuwa sun fi shi daɗewa. A aikace dokar ba ta taɓa tafiya yadda aka zana ta ba, domin ciyar da iyali a cikin gidan ya fi ba su 'yan sulalla a waje tsada, dan haka mafi yawan masu karɓar tallafi a gidajensu suka ci gaba da karɓa, gidan ya zama na tsofaffi da marasa lafiya da marayu. Fanshon tsufa bai zo ba sai 1909. Karɓar tallafin gunduma yana hana mutum ƙuri'ar zaɓen majalisa har zuwa 1918. An rushe kwamitocin amintattu a 1930, dokar talakawan kanta kuma sai a 1948 aka soke ta, aka mai da da yawa daga cikin gine-ginen asibitoci.